Ibadar Mako da Zaman Jama'a Tsakanin Hausawa 'Yan Katolika na Kudancin Katsina

Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Damari, a ƙasar Sabuwa, ya biyo ta Ɗandume ya faɗo Funtuwa, sa'an nan ya miƙi hanyar Bakori zuwa Malumfashi, ba abin da zai fi gani a kowane gari da ƙauye kamar masallaci, domin ƙasa ce ta Musulmi tun zamani mai tsawo. To amma in tafiyar ta dace da safiyar Lahadi, ya kuma ratse daga kan titi ya shiga unguwannin da ke warwatse cikin gonaki, musamman a ƙasashen Malumfashi da Kafur, zai iya jin ana buga wani ƙarfe da aka rataye a bishiya, ya ga mata da goyo da maza cikin manyan riguna suna nufar wani ɗaki mai gicciye a bisansa. Da zai tsaya ya gaishe su, da Hausa za su amsa masa, Hausar da suka tsotsa a nono, don ba su da wani harshe bayan ita. Akasarinsu jikokin Maguzawa ne, watau Hausawan da suka tsaya a kan addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20.

Manazarta harshe da al'adun Hausawa sun daɗe suna magana tamkar Bahaushe da Musulmi abu guda ne. Ta fuskar yawa hakan yana da hujja. Sai dai wannan ɗauka ta sa an bar wani ɓangare na Hausa ba a nazarce shi yadda ya kamata ba, shi ne Hausar da ake ibada da ita a coci. Wannan maƙala za ta dubi yadda ibadar mako take gudana a tsakanin 'yan ɗarikar Katolika na wannan yanki, da irin kalmomin da ake amfani da su, da kuma yadda ibadar take ɗaure da noma da aure da zumunci.

Yadda ɗarikar ta iso

Labarin farko da aka sani na malaman Katolika a ƙasar Katsina tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1710 wasu Fada biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan suka taso daga Tarabulus, suka keto Sahara ta Fezzan da Agadas, saboda labarin da ya kai Roma cewa akwai Kirista a can kudu da Barno. Sun iso Katsina, cuta ta kama su, suka rasu a can a 1711 ba su bar mabiyi ko ɗaya ba. Masanin tarihi Richard Gray ya fito da wannan labari a wata maƙala a 1967.

Zuwan da ya kafu na zamanin Turawa ne, kuma a kan dogo ya zo. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin garuruwan sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya ɗauka a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba. Amma hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ta kawo ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda da yawansu 'yan Katolika ne. Cinikin auduga da gyaɗa ya ƙara jawo su. Don haka coci na farko-farko a irin su Funtuwa na baƙi ne, Fada yana zuwa musu daga wajen Zariya da Kaduna lokaci-lokaci, ɗan ƙasa kuwa yana kallonsa a matsayin ɗakin Inyamurai.

A 1953 Roma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta damƙa su ga Fadan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a ƙarƙashin Edward Lawton, suka kafa zangonsu a Gusau. A 1964 yankin ya zama cikakkiyar dayosis ta Sakkwato. Shekara biyu bayan haka sai rikicin 1966 ya auku, mutanen Gabas suka koma gida, coci-cocin gari suka zama kufai. Wannan ya tilasta wa 'yan mishan su ƙara mai da hankali ga 'yan ƙasa, musamman Maguzawan karkara, waɗanda a daidai wannan zamani suke tsakanin kira biyu: ga yaƙin musuluntarwa da Sardauna ya yi a farkon shekarun 1960, ga kuma mishan ɗin SIM, uwar ɗarikar ECWA, wadda ta riga Katolika shiga ƙauyukan. Har yau sawun Dominikan yana nan a sunayen coci-coci. Cocin Malumfashi sunan Vincent Ferrer yake ɗauke da shi, wani mai wa'azi ɗan ƙungiyar daga Sifen, babban cocin Katsina kuwa sunan Martin de Porres, baƙin mutum ɗan ƙungiyar daga Peru.

Bayan Lawton, wanda ya rasu a 1966, sai Michael Dempsey, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011. A watan Oktoban 2023 Paparoma Francis ya cire Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama bishof na farko. An keɓe shi a watan Disamba na wannan shekara, kuma shi ake ɗauka Bahaushe na farko da ya hau wannan muƙami a ɗarikar.

Fada da katikis

Gundumar da Fada guda yake riƙe da ita ana kiranta farish. A birni farish unguwa ce. A karkara kuwa ƙasa ce mai faɗi, tana da babban coci inda gidan Fada yake, da ƙananan rassa a ƙauyuka, wani reshen ma bai wuce zauren jar ƙasa mai rufin kwano ba, an jera kututture ko an gina dakali a madadin kujeru. Fada ɗaya ba zai iya halartar dukkan rassan a Lahadi guda ba, sai dai ya riƙa zagayawa bi da bi. Da damina, in rafi ya kawo, reshe yakan yi makonni bai ga Fada ba.

Wanda yake riƙe da reshe kullum shi ne katikis, wanda jama'a kan kira malam, kamar dai yadda ake kiran malamin makarantar allo. Shi manomi ne kamar kowa, yana da iyali. Shi ke buga ƙararrawa, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke sallar gawa in Fada ya yi nisa, shi ne kuma tafintan al'ada ga Fadan da aka turo daga wata ƙasa. A Malumfashi akwai makarantar horar da katikis mai sunan Joseph Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Uganda da aka kashe a 1885. Duk wanda ya dubi tarihin yaɗuwar ɗarikar a wannan yanki da idon adalci zai ga cewa aikin katikis ya fi na Fada yawa, ko da yake sunan Fada ne ya shiga littafi.

Akwai iyakar da katikis ba ya ƙetarewa. A akidar Katolika, wanda aka naɗa firist kaɗai ke da ikon keɓe gurasa da ruwan inabi, da jin furcin zunubi. Saboda haka ibadar Lahadi iri biyu ce: Mas, in Fada ya zo, da kuma sujadar karatu da addu'a, in katikis ne ya ja gaba.

Safiyar Lahadi

Ana buga ƙarfe tun da hantsi, a sake bugawa in lokaci ya gabato. A ƙauye maza kan zauna ɓangare guda, mata ɓangare guda, yara a gaba inda wani dattijo zai sa musu ido. Ba dokar coci ce ta raba su ba, kunyar Bahaushe ce, wadda ba ta yarda suruki ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukarsa ba. Mata kan rufe kai da ɗankwali ko mayafi.

Mas tana da manyan sassa biyu. Na farko shi ne na Kalma. Bayan waƙar shiga da neman gafara, sai a yi karatu daga Tsohon Alkawari, a rera Zabura, a karanta wasiƙar ɗaya daga cikin manzanni, sa'an nan kowa ya miƙe tsaye don karatun Bishara. Ba Fada ke zaɓen abin da za a karanta ba. Akwai jadawali na shekara uku da aka tsara a 1969, shekara guda ana bin Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, ta yadda abin da aka karanta a ƙauyen Kafur shi ne aka karanta a Roma a wannan rana. Daga nan sai wa'azi, da shaidar bangaskiya, da roƙe-roƙen jama'a. A nan ne ake jin abin da ke damun gari: ruwan sama, tsadar taki, mai naƙuda, wanda aka sace.

Sashe na biyu shi ne na hadaya. Ana fara shi da baiko, inda jama'a ke fitowa layi-layi, sau da yawa da rawa, su ajiye abin da ya sawwaƙa. Da kaka ba kuɗi kaɗai ake kawowa ba, har da damin dawa, da masara, da ƙwai, da kaza. Sai Fada ya keɓe gurasa da ruwan inabi, waɗanda 'yan ɗarikar suka gaskata sun zama jiki da jinin Almasihu, masu iko su matso su karɓa, bayan sun kame baki na sa'a guda kafin nan. Abin lura a nan shi ne, ko da yake ɗarikar ta yarda da Hausa da ganga da kalangu, ba ta yarda a sauya kayan hadaya ba. Dole gurasar ta zama ta alkama, ruwan kuma na inabi. Manomin dawa da gero yana kawo amfanin gonarsa gaban bagade, amma abin da ake keɓewa daga wata ƙasa yake zuwa.

Kafin a sallami jama'a akwai sanarwa, wadda a wasu lokuta takan kusa kai tsawon wa'azi. A nan ake shelar aure, da ranar suna, da gayyar noman gonar coci ko yaɓen ɗakin ibada, da zuwan masu allurar rigakafi. Ga mutanen da gidajensu suke warwatse a cikin gonaki, wannan ce fadarsu ta mako. Bayan an tashi ba a watsewa nan take, sai an gaisa, ƙungiyoyi sun zauna a inuwa, dattawa sun sasanta abin da ya taso.

Har zuwa shekarun 1960 da Latin ake yin Mas, jama'a na sauraro ba sa fahimta. Babban taron bishof-bishof na duniya da aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965, wanda ake kira Batikan na Biyu, shi ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen kowace al'umma, ta wata takarda da ya fitar a watan Disamban 1963. Ke nan shigar Hausa cikin Mas ta zo daidai da lokacin da Maguzawa suka fara shiga ɗarikar da yawa. Waƙoƙin da suka biyo baya sun ɗauki zubin waƙar dandali, mai bayarwa tana bayarwa ana amshi, ana buga tulu da caki da ganga, har wanda ya jiyo daga nesa zai zaci gaɗa ake yi.

Harshen ibada

Nan ne mai nazarin harshe zai fi samun abin tsinta. Kalmomin ibadar coci sun fito daga rijiya uku, kuma ba daidai suke da zurfi ba.

Mafi zurfi ita ce ta Larabci, wadda Musulunci ya haƙa tun ƙarnoni. Masu fassarar farko, daga J. F. Schön a tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, sun tarar Hausa ta riga ta mallaki Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, wa'azi, azumi, Attaura, Zabura da Shaiɗan. Ba su da dalilin ƙirƙiro wasu. Fassarar 1979, wadda aka yi mata bugu na musamman haɗe da littattafan da ake kira Afokirifa, waɗanda Katolika suka yarda da su, ta bi wannan turba. Sakamakon haka shi ne Bahaushe Musulmi da ya tsaya a bakin tagar coci zai fahimci kusan kowace kalma, amma ba lalle ya fahimci abin da ake nufi ba, domin ma'anoni sun gusa. Sujada a wurin Musulmi ita ce sa goshi a ƙasa, a coci kuwa dukkan taron ibada ne, har a ce an tashi daga sujada ko da ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Almajiri a bakin mutanen gari yaro ne mai allo da ƙoƙo, a cikin Bishara kuwa almajirai su ne mabiyan Yesu na kusa, kuma wannan ma'ana ta fi kusa da asalin kalmar, watau wanda ya bar gida don neman sani. Hadaya, wadda alhazai suka sani da dabbar da ake yankawa a aikin Hajji, ita ce sunan da aka ba zuciyar Mas. Inda aka guje wa aro kuwa da gangan aka guje. An ce Yesu, ba a ce Isa ba, ko da yake an karɓi Almasihu a gefen Kristi.

Rijiya ta biyu ta Hausa ce tsantsa. Ubangiji, watau uban gida, tsohuwar kalma ce da bawa kan kira mai shi da ita, kuma addinan biyu sun yi tarayya a kanta. Baiko a al'adar aure shi ne tsayar da magana tsakanin dangin saurayi da na budurwa, coci ya ɗauke shi ya ba sadakar da ake tarawa. Alheri, wanda Bahaushe ya sani da kyautatawa tsakanin mutum da mutum, an ɗora masa nauyin wata babbar akida, ta kyautar Allah wadda ba aikin mutum ne ya jawo ta ba. Amma ba kalmar da ta fi fansa ɗaukar hankali. A zamanin bauta, fansa ita ce dukiyar da ake biya a 'yanta bawa ko wanda aka kama a yaƙi, daga nan masu fassara suka ɗauko ta don bayyana mutuwar Almasihu, suka kira shi Mai Fansa. Da bauta ta gushe sai kalmar ta zama ta littafi, mai wa'azi sai ya yi dogon bayani kafin yara su gane. A 'yan shekarun nan, da satar mutane ta addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuɗin fansa ya dawo bakin kowa, har gidan da bai taɓa buɗe littafi ba ya san abin da ake sayarwa kafin a haɗa shi. Mai wa'azi ba ya bukatar bayani kuma.

Ta uku ita ce ta aro daga Turanci da Latin da Girkanci: coci, Fada, Sista, bishof, Mas, katikis, baftisma, Kirsimeti, Ista, Paparoma. Ga ɗakin ibada kaɗai akwai kalma uku masu asali daban-daban. Coci daga Turanci, ita ce ta yau da kullum. Majami'a daga tushen Larabci guda da Juma'a da jama'a. Ikilisiya daga Girkanci, kuma ta fi nufin jama'ar masu bi a kan ginin. Kalmar Fada kuwa takan rikita mai karatu, don a rubuce ba ta da bambanci da fadar sarki, in kuma injin bugu ba shi da ƙugiya sai ta haɗu da faɗa.

Maganar ƙugiya ta kawo wata matsala da ta cancanci a tsaya a kanta. Mafi yawan Kiristan da ke ibada da Hausa a Nijeriya ba Hausawa ba ne, mutanen Filato ne da kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa, waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa da coci. Su ne suka fi yawa a cikin Fada da mawaƙa da masu tsara littattafai. A irin Hausarsu, sau da yawa ɗ da ƙ da ɓ da ts sukan narke, bambancin jinsi kuma yakan ɓace. Sai a ji tsarki ya koma sarki, ƙarya ta koma karya, a ce da mace ya zo. Bakatsine na ƙauye, wanda ke cewa ɗiyata da gidanshi, yana zaune yana sauraron wa'azi da harshen uwarsa daga bakin wanda ya koye shi, a wasu lokuta ma yana kwaikwayonsa, don yana ganin ita ce Hausar ibada. Wannan juyin al'amari ne mai ban sha'awa, inda mai harshe ya zama ɗalibi a cikin harshensa. Samun Fada 'yan ƙasa ya fara gyara lamarin, amma littattafan waƙa da na addu'a suna bukatar hannun masana Hausa, kuma sassan Hausa na jami'o'i ba su nuna sun san da wannan aiki ba.

Sunaye ma suna ba da labari. Ana samun mutum da sunan baftisma irin su Bulus, Bitrus, Yohanna, Istifanus, Rifkatu ko Saratu, a gefensa kuma ga sunan gida, Tanko ko Jatau ko Nomau, Ladi ko Talatu. Wasu sunayen, kamar Musa da Yakubu da Maryamu, ba sa nuna addinin mai su. Irin wannan yakan jawo wa matasa tambaya in sun je makaranta ko neman aiki: a Arewa a yi mamakin Bahaushe Kirista, a Kudu a ƙi yarda shi Kirista ne. Wannan yana cikin dalilan kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ƙungiyar Hausawa da Fulani da Barebari Kirista, kuma zaɓen kalmar Masihiyawa, mai tushen Larabci da ɗafin jam'i na Hausa, shi kansa magana ce.

Tsakanin Lahadi da Lahadi

Sauran kwanakin mako na ƙungiyoyi ne. Mafi ƙarfinsu ita ce Zumuntar Mata, masu anko da tulu da caki. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan karkarar Malumfashi a farkon shekarun 1970, da Jerome Barkow, da Joseph Greenberg tun kafinsu a ƙasar Kano, duk sun bayyana al'umma wadda matanta ba sa kulle, suna noma a gandu suna kuma da gayaunarsu. Wannan 'yancin fita da riƙon dukiya shi ya shigo coci. Matan zumunta su ke adashi, su ke zuwa barka da ta'aziyya, su ke girki ranar biki, kuma wata sabuwar waƙa ba ta karɓuwa sai ta bi ta bakinsu. Akwai kuma ƙungiyar maza, da ta matasa, da 'yan kwaya masu koyon waƙa da yamma. A watannin Mayu da Oktoba ana taruwa a ja carbin Maryamu, mai gida biyar na ƙwaya goma-goma.

Abu biyu ne suka fi jawo gardama tsakanin coci da al'ada. Na farko aure. Bamaguje mai wadata yana tara mata, don yawan hannu shi ne yawan dami, ɗarikar kuwa mace ɗaya ta sani, ba ta kuma yarda da saki ba. Saboda haka an sha samun magidanci yana zuwa coci shekara da shekaru, shi ya ba da filin da aka gina ɗakin, 'ya'yansa duk an yi musu baftisma, shi kuwa yana zaune a baya ba ya karɓar jibi, don ba zai kori uwar 'ya'yansa ba. Hatta mai mace ɗaya, sai ya gama da dukiyar aure da sauran al'adu kafin a yi shela a ɗaura a coci, kuma tsadar biki takan sa a jinkirta. Na biyu giya. Burkutu yana tsakiyar gayya da biki da tsafin Maguzawa, kuma sana'ar mata ce. ECWA ta hana shi ɗungum, Katolika kuwa buguwa ta hana. Wannan sassauci ya sauƙaƙa wa wasu dattawa shiga, ya kuma zama abin gori daga maƙwabta, Musulmi da Kirista.

Shekarar coci ta zauna daram a kan shekarar manomi, ko da yake ba don shi aka tsara ta ba. Azumin kwana 40, wanda ke farawa ranar Larabar Toka, yana faɗowa da rani, lokacin da ba aikin gona, ana samun sukunin bin Hanyar Gicciye kowace Juma'a. Ista, wadda ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tana zuwa da bazara ana sharar gona ana duban gabas. Bikin godiya yana zuwa da kaka, inda ake gwanjon abin da aka kawo, kuma da wannan kuɗi ake yin rufi ko a sayi benci. Kirsimeti tana zuwa da hunturu, rumbu cike, 'yan cin rani ba su gama watsewa ba, saboda haka lokacin aure ne.

Maƙwabta da halin tsaro

A gida guda akan sami wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuma tana nan da tsafinta. Tuwon salla yana shiga gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti tana shiga gidan Musulmi, kuma da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki don dangi su iya ci. Wannan bai hana tashin hankali ba in iska ta kaɗo daga waje. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya kai Funtuwa, na bayan zaɓen 2011 ya taɓa Funtuwa da Malumfashi, an ƙona coci-coci a duka biyun. Akwai kuma koke-koken da ba sa shiga jarida, na wahalar samun filin gini a cikin gari da na malamin addinin Kirista a makarantun gwamnati.

Abin da ya fi sauya ibadar mako a wannan zamani shi ne ta'adin 'yan bindiga. A watan Disamban 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayun 2022 an shiga gidan Fada na cocin Patrick a Gidan Maikambo, ƙasar Kafur, da tsakar dare, aka tafi da Fada biyu da wasu mutum biyu, sai bayan fiye da wata guda suka kuɓuta. A watan Agustan 2025 kuma masu sallar asuba aka buɗe wa wuta a masallacin Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi. Maharan ba su tambayi addinin kowa ba, sai dai tsarin zaman Maguzawa, na manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, ya sa zuriyarsu sun fi zama a fili.

Inda abin ya yi tsanani, ibadar dare ta Kirsimeti da ta jajiberin Ista, wadda bisa ƙa'ida sai duhu ya shiga ake kunna wutarta, akan matso da ita kafin magariba. Fada yakan rage kwana a ƙauye, ba ya kuma faɗin ranar zuwansa tun da wuri, nauyi ya ƙara komawa kan katikis. Iyalan da suka baro gonakinsu suka koma Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya sukan tarar da cocin gari, inda ake Mas ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, mawaƙa kuma daga ƙabilu dabam-dabam. A can 'ya'yansu suke koyon katikisim, daga bakin malamin da Hausa ba harshen uwarsa ba ce.